Sunan da Ya Maƙale wa Ɗantani

Duk wanda ya haura shekara arba'in a Omdurman ya san fuskar Ɗantani, ko da bai san sunansa ba. Shi ne mutumin nan mai mafici da ya tsaya a bakin ƙofa cikin wasan "Hoshin Abdulmun'im", wato gidan Abdulmun'im, ya buɗe baki, ya rufe, ya sake buɗewa. Minti uku da daƙiƙa goma ya yi a talabijin duk tsawon rayuwarsa, na auna da agogo ba sau ɗaya ba. Sauran shekarun a gaban wuta ya yi su yana gasa agashe, tsiren nan namu da mutanen ƙasar nan suka karɓa hannu bibbiyu har suka manta daga inda ya zo.

Katanga ɗaya ce tsakanina da shi a unguwar Alsawra tun 1979. Ni daga ƙasar Zazzau na taso da niyyar Makka, ba ni da wani guzurin kirki sai rubutun da 'yan mishan suka koya mini, wani kamfanin auduga a Khartoum ya ga rubutun ya riƙe ni. Shi ya sa har gobe Ɗantani ba ya ce mini komai sai Akawu. Shi kuwa a nan aka yanke masa cibi. Mahaifinsa, Malam Isma'ila, ya baro Daura a ƙasa shi ma da niyyar Makka, shekara shida yana tafe yana tsayawa noma, da ya iso bakin Nilu ya ce bari ya ɗan huta. A Omdurman kabarinsa yake.

Da Kubura, matar Ɗantani, ta haifi ɗansu na fari a farkon 1983, aka sa masa sunan marigayin. Nan ƙulli ya zama biyu. Ɗan fari dai iyaye ba sa kama sunansa, sunan uba kuma ɗan halak ba ya faɗarsa gatsal kamar mai kiran akuya. Sai yaron ya zama Mai Suna a gidansu. Maƙwabtanmu Larabawa sun daɗe suna zaton sunan yankansa ke nan, har wata tsohuwa ta taɓa tambayata ko sunan wani waliyyi ne na ƙasarmu.

Wasan da nake magana ranar Alhamis ake nuna shi bayan magariba. Talabijin ɗaya ce a unguwar a lokacin, baƙi da fari, a kulob, cikin akwatin katako mai kwaɗo. Labarin wani gidan haya ne. Mai gidan, Abdulmun'im, ƙaton mutum mai ƙaton rawani, ya yi imani shi ne mai hikimar unguwa, duk abin da ya sa wa baki kuwa sai ya rushe. Akwai maƙwabciyarsa Shamsiyya, wadda shekara biyar ana wasan ba a taɓa ganin ta gaba ɗaya ba, sai kanta ta saman katanga. Akwai wani malamin makaranta da ba ya magana sai da Larabcin littafi, ko ruwan sha zai roƙa sai ya yi huɗuba. Sai kuma ɗan hayan da kowa ya fi so, siriri, malalaci, mai ƙaryar da ba ta cutar kowa sai shi kansa. Sunansa a wasan Isma'il.

Ɗantani bai san wannan ba, don bai taɓa kallon wasan ba. Alhamis da magariba ita ce kasuwarsa. Teburinsa yana bakin kogi, ba nisa da gidan talabijin, 'yan wasan kuma a wurinsa suke cin nama, sunayensu na gaskiya ya sani.

A fitowar da ta ja shi ciki, Isma'il na wasa ya rubuta wa surukinsa a ƙauye cewa ya zama manaja a birni, alhali aikinsa fifita wa wani mai agashe wuta. Suruki ya ce yana tafe ya gani da idonsa. Duk gidan suka haɗa baki: aka aro kwat mai hannu har gwiwa, aka aro kujeru, Abdulmun'im ya yarda ya zama masinja, ko da yake kowane minti sai ya manta ya ba manajan umarni. Yadda aka tsara, ana tsakiyar shan shayi mai agashe zai banko ƙofa, ya ƙwala wa manaja kira da sunansa, ya ce wuta na mutuwa. Asiri ya tonu, a tashi.

Hamuda, mai shirya wasan, ya ce me zai sa ya shafa wa ɗan wasa gawayi ga na gaske a ƙofar gida. Ya jawo Ɗantani da rigarsa ta aiki da maficinsa, ya ce abu mai sauƙi ne, ka shiga, ka kira siririn nan, za a ɗaga maka sunan a allo don kada ka manta. Ya kuma ja masa kunne cewa kaset ya ƙare saura na wannan ɗauka, ba tsayawa, ba maimaici.

Ɗantani ya banko ƙofa daidai yadda aka ce, ya ɗaga mafici, ya cika ƙirji da iska. Aka ɗaga allo. Ya karanta. Jaririnsa a lokacin wata huɗu, mahaifinsa shekara biyu a kabari, ga sunansu nan da alli, ana so ya faɗe shi da tsawa a gaban ƙasa baki ɗaya. Ya buɗe baki ya rufe. Ya dubi ƙasa. Can ya ce, "Ya zol."

Zol a bakin mutanen nan mutum ke nan, kowane mutum. Maza huɗu ne a ɗakin, kuma 'yan wasa ne da suka san hannunsu, suka gane abu ya karkace suka bi shi a karkacen. Abdulmun'im ya dafa ƙirji ya tambaya ko shi ake nufi. Malamin makaranta ya miƙe ya bayyana cewa kiran da ba suna ya hau kan duk mai hankali, don haka shi ya amsa. Kan Shamsiyya ya ɓullo ta katanga ya ce ita dai a cire ta. Manaja kuwa yana ta zamewa a kujera har kwat ta haɗiye shi, sai kunnuwa. Gumi ya karyo wa Ɗantani. Ya nuna da mafici, ya ce wannan, mai sunan, mai sunan. Sannan ya faɗa a hankali da Hausa tsantsa, "Wayyo, yau ina zan sa kaina." Mu da ke kulob daga baya da muka ji Hausa ta fito daga akwatin nan, benci biyu muka karya.

Daga ƙarshe wanda ke wasan surukin ya tashi, ya ce shi baƙo ne bai san sunan kowa ba, amma a ƙauyensu ba a barin mai wuta tsaye. Ya karɓi mafici daga hannun Ɗantani ya fita fifita. Aka rufe da manaja zaune cikin kwat ɗin aro, surukinsa na waje yana yi masa aikinsa.

Hamuda ya fito zai yi faɗa ya tarar mai ɗaukar hoto na kwance a ƙasa don dariya, sai ya fasa. Ba fitowar da aka maimaita kamar wannan. Kowace Sallah sai an nuna ta. Ciniki ya buɗe wa Ɗantani, mutane daga Bahri suke tsallako gada su ci agashe su ce ya faɗi sunan, shi kuma ya ƙara musu yaji ya ce su ci su tafi. Bai taɓa yi wa kowa bayani ba. A wurinsa ba abin bayani ba ne, kamar a tambaye ka don me kake cire takalmi a ƙofar masallaci.

Mutum ɗaya ne wasan bai taɓa ba shi dariya ba, shi ne Isma'il na gaske. Ya tashi yaran makaranta na kiransa Ya Zol, in ya waiga su ce ba da shi suke ba. Yaro ne mai natsuwa, Larabci ya fi zama masa a baki kamar sauran tsararsa, ya yi karatun haɗa magani ya samu aiki a wani kantin magani a Khartoum. Ranar ɗaurin aurensa da aka zo inda za a ambaci ango, Ɗantani ya taɓa gwiwata ya ce, Akawu, wakilce ni. Da aka haifi jikarsa Hanan ya samu sauƙi, Mai Suna ya koma Baban Hanan, ya riƙa faɗarsa da ƙarfi ko ba dalili, kamar wanda aka cire wa ƙaya.

Isma'il bai taɓa ɗaga wa mahaifinsa murya ba. Sau ɗaya ya yi mini maganar, wata rana da ya kawo mini maganin hawan jini. Ya ce, "Baffa, na san girmamawa ce, an faɗa mini sau ɗari. Amma duk ƙasar nan ta ga ubana ya kasa faɗin sunana, ni kuma ban taɓa jin yadda yake a bakinsa ba. Sau ɗaya nake so." Na ce ya yi haƙuri, wanda shi ne abin da tsofaffi ke faɗa in ba su da amsa.

Shekarun nan na yaƙi ba zan tsaya a kansu ba. Mu a Alsawra mun zauna, mun ji abin da muka ji. Kantin da Isma'il ke aiki babu shi. Bana ya samu aiki a Jidda, aka sa ranar Litinin zai hau mota zuwa gaɓar teku, daga can sai jirgin ruwa. Ɗantani ya haura saba'in, idonsa ɗaya ya yi yana, ba wanda ya faɗa a fili amma kowa ya san ba lalle su sake haɗuwa ba. Ni dai na lura cewa hanyar da Malam Isma'ila ya ajiye a bakin Nilu, mai sunansa ne zai ƙarasa ta.

Aka shirya yanka rago ranar Asabar a yi masa addu'a. Wasan nan kuwa ya dawo da rai, yanzu a waya yake yawo, har waɗanda ba a haifa ba lokacin sun haddace shi. Maƙwabta suka ce an daɗe ba a yi dariya a layin nan ba, lalle a maimaita fitowar a tsakar gida, Ɗantani ya fito a kansa, Isma'il ya fito a manaja. Na zaci Isma'il zai ƙi. Sai ya ce ya yarda, da sharaɗi ɗaya: a yi shi yadda Hamuda ya rubuta tun farko, ba yadda ya karkace ba. Ya faɗa yana kallon tabarma, mahaifinsa na zaune a gefe yana soke nama a tsinke.

Ranar Alhamis da hantsi Ɗantani ya shigo wurina, ya zauna a gindin darbejiya, ya daɗe yana zancen tsadar gawayi. Sannan ya ce, tun da ni na yi makarantar da ake tsayar da yaro ya yi ta maimaita abu har ya zauna, in koya masa. Na ce ya fuskanci katanga ya faɗa a hankali, ba kowa. Ya fuskanta. Ya kai gaɓar farko tari ya sarƙe shi. Na ce ai a karatun Alƙur'ani yana faɗar sunan ba ya tari. Ya ce wannan na Annabi ne, shi yana da alwala lokacin, kuma ba tsawa yake yi masa ba. Na ce to ya rufe ido. Ya rufe, ya buɗe da sauri, ya ce in ya rufe tsohon yake gani a kan buzunsa.

Sai ga kan Kubura ta saman katanga, sak Shamsiyya. Ta ce tana ji tun ɗazu, ta zaci wani ne ƙashin kifi ya maƙale wa.

Ɗantani ya ce, "Ke da kike dariya, faɗa mu ji."

Ta ce, "Allah ya kiyaye. Shekara arba'in da biyu ban faɗa ba, ban kuma mutu ba. Amma ni, Malam, ba a nuna ni a talabijin ina kasawa ba."

Asabar bayan azahar tsakar gida ta cika. Aka ci, aka yi addu'a, aka jera kujeru. Ni aka ba malamin makaranta, wai ba sai na yi wani shiri ba. Wani mai raksha, a-daidaita-sahun ƙasar nan, ya naɗa zanin gado ya zama Abdulmun'im. Isma'il ya sa tsohuwar kwat ɗina ya zauna a tsakiya, bai zame ba, bai ɓuya ba, ya miƙe wuya yana kallon ƙofa. Ɗantani ya banko ta. Ya ɗaga mafici, ya cika ƙirji. Na ga leɓensa ya ɗauko sunan, na rantse na gani. Ya dubi ɗansa, ya dubi mutane wajen sittin da wayoyi a sama, ya dubi ƙasa.

Ya ce, "Ya zol."

Gida ya kece. Mata na riƙe ciki, mai raksha ya dafa ƙirji yana tambaya ko shi ne, kowa ya ɗauka da gangan aka yi, suna cewa tsohon bai manta ko ƙwayar abu ba. Isma'il ma ya yi murmushi. Ya tuɓe kwat ya ninke ta da kyau ya miƙo mini, ya ce na gode Baffa, ya tafi zuba wa baƙi shayi. Lahadi duk yini ban ji motsin Ɗantani ba sai ƙarar turmi. Yaji yake dakawa da hannunsa, irin wanda ba ya bari kowa ya ga haɗinsa, ya cika gwangwanin madara ya ɗaure da tsumma, don a cewarsa naman Jidda ba shi da ɗanɗano, ko da yake bai taɓa zuwa ba.

Litinin da ƙarfe bakwai da rabi na safe muka raka shi tasha, ni da Ɗantani. Matan a gida suka yi sallama. Tashar cike take, masu tafiya da masu dawowa, katifu da buhuna, 'yan kamasho na ta kiran garuruwa. Muka zauna a benci kusa da mai shayi. Da lokaci ya yi Isma'il ya durƙusa, mahaifinsa ya dafa kansa ya yi masa addu'a doguwa, duk da sunan Baban Hanan. Ya miƙa masa gwangwanin. Isma'il ya karɓa da hannu biyu, ya rungume ni, ya saɓa jaka. Ina kallo ya ajiye gwangwanin a ƙarshen benci, a hankali, ya gyara masa zama don kada ya faɗi, sannan ya juya ya shiga cikin mutane.

Ya yi nisa kamar taku talatin kafin Ɗantani ya lura. Ya zabura ya ɗauki gwangwanin, ƙafa ba ta gudu, mutane sun toshe hanya. Ya ɗaga murya ya ce ya zol. Maza fiye da ashirin suka waigo, har da mai shayi da ke gabansa, wani ma ya dafa ƙirji. Isma'il bai waigo ba. Ya kira Mai Suna. Ƙeyar nan ba ta motsa ba. Ya kira Baban Hanan har sau biyu. Direba ya tayar da mota, Isma'il ya sa ƙafa ɗaya a matakala ya tsaya, bayansa gare mu, mutane na tura shi yana ba su hanya suna wucewa.

Ɗantani ya dube ni. Na duba agogona.

"Isma'ila!"

Da wasalin nan na ƙarshe ya faɗe shi, irin na Daura, yadda ake kiran tsohon, ba yadda Larabawa ke yanke shi ba. Muryar da ta saba kiran ciniki a bakin kogi ce, ta ratsa tashar har ɗan kamasho ya yi shiru. Isma'il ya sauke ƙafa. Ya dawo a hankali, ba gaggawa, kamar mai son tafiyar ta yi tsawo. Ya tsaya gaban mahaifinsa ya ce, "Na'am, Baba."

Ɗantani ya tura masa gwangwanin a ƙirji yana kallon wani wuri daban. Ya ce mutum da girmansa, da 'ya budurwa, a ce ba ya iya riƙe kayansa, haka zai je ya yi wa mutane a ƙasarsu? Isma'il ya ce ya tuba, ba zai ƙara ba. Idonsa ya cika amma bakinsa har kunne. Direba ya danna oda, Isma'il ya ruga.

Muka hau raksha muna komawa, har muka wuce kasuwa. Sannan Ɗantani ya ce, Akawu, hayaniya ta yi yawa a wurin nan, ba lalle wani ya ji ba. Na ce ba lalle ba. Ya ce Kubura ba sai ta sani ba. Na ce daga bakina dai ba za ta ji ba.

Muka tarar da ita a ƙofar gida da waya a hannu. Ta tambaya ko Mai Suna ya samu wuri mai kyau, ya ce ya samu, kusa da taga. Ta tambaya yajin fa, ya ce ya tafi da shi. Ta gyara mayafi ta ce to madalla, ta dafa masa citta da zuma, don an ce mata ya wahalar da maƙogwaronsa yau.

Isma'il na bugo waya kowace Juma'a. Ta katanga nake jin Ɗantani yana tambayar Baban Hanan ya aiki, ya zafi, yajin ya kusa ƙarewa. Bai sake faɗar sunan ba, ɗan kuma bai sake nema ba. Da na ce masa zan rubuta labarin nan ya daɗe yana juya tsinke a wuta, sannan ya ce in rubuta, amma in zan karanta masa, in na zo wurin in tsallake.